ƘAUYEN MAIMAND NA ƘASAR FARISA: MUTANENSA DA MASU MULKINSA

Jama'a, a wannan mako za mu ɗan jingine zancen taki da iri, mu leƙa wata ƙasa mai nisa da ke gabas da Makka, watau ƙasar Farisa, wadda a ke kira Iran. Akwai wani ɗan ƙauye a can a cikin lardin Karman, sunansa Maimand, mutanensa manoma ne makiyaya, harshensu Farisanci. Da Gwamnatin ƙasar ta yi ƙidaya a cikin 2006 ta sami mutum 673 a ƙauyen, a cikin gida 181. Da aka yi wata ƙidayar a cikin 2016 sai aka sami mutum 105, a cikin gida 44. Akawu ya ɗauki alƙalami ya lasafta: mutum 568 sun ragu a cikin shekara goma, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Ba a yi yaƙi a wurin ba, ba a kuwa yi annoba ba. To, ina mutanen suka shiga? Kuma wa ke riƙe da ƙauyen da ya rage haka?

GIDA UKU A SHEKARA

Maimand yana kamar mil 22 daga garin Shahar Babak, a bakin wani kwari tsakanin duwatsu, tudun wurin kuwa ya fi ƙafa 7,000 bisa teku. Saboda haka da hunturu sanyi ya kan yi tsanani har ruwa ya daskare. Mutanen da ba su gina ɗaki da tubali ba, sai suka fafe dutsen kansa, domin dutsen wurin mai laushi ne. A kan haƙa wani ɗan lungu a jikin tudu, suna kiransa kiche, a ƙarshensa a fafe ɗaki ɗaya ko biyu ko fiye, waɗansu na mutane, waɗansu na dabbobi da ajiyar hatsi. Irin waɗannan lunguna sun kai wajen 400, ɗakunan kuma sun fi 2,500, wani bisa wani har hawa biyar. Masallacinsu ma fafe shi aka yi, haka gidan wanka da tsohuwar makaranta. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: ɗaki fiye da 2,500, mutum 105.

Amma fa bisa al'adarsu ba a kan kwana a waɗannan ɗakuna duk shekara ba. Da hunturu kaɗai a ke taruwa a cikinsu. In sanyi ya fara sauƙi sai a kora tumaki da awaki a gangara fili wajen kudu, inda ciyawa ke fara tsirowa, a zauna a mashekari da su ke kira sar agul. A can ɗakunan rabi a cikin ƙasa su ke saboda iska, 'yan raguna ma a kan yi musu rami mai rufi su kwana ciki. In zafi ya shigo kuma sai a tashi a hau kwaruruka, bakin 'yan ƙoramu, inda lambuna su ke, wurin da su ke kira sar bag. A can a ke zama a bukkoki har kaka, a girbe alkama da sha'ir, a tsinki 'ya'yan itatuwa, musamman lauz da wani mai ɓawo kamar gyaɗa wanda su ke kira pista, na lambu da na daji. Sa'an nan a koma cikin dutse. Wannan irin zama shi ya sa hukumar UNESCO ta sa Maimand a cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2015.

Duk wanda ya taɓa bin malamin jangali ya san wahalar ƙirga mutanen da ba su zauna wuri ɗaya ba. Ƙidayar Iran da kaka a ke yinta, a lokacin kuwa ba lalle a tarad da kowa a cikin dutsen ba. Ga shi kuma magidanci ya kan yi gida a birni domin karatun 'ya'yansa, ya bar garke da lambu a ƙauye, ranar ƙidaya sai a rubuta shi mutumin birni. Saboda haka kada a ɗauki 105 ɗin nan kamar su ne iyakar masu haƙƙi a Maimand. Duk da haka akwai abin da lissafin ba ya ɓoyewa. A 2006 in an raba mutane bisa gidaje, kowane gida ya kusa mutum huɗu. A 2016 kuwa bai kai biyu da rabi ba. Gidan da ya koma mutum biyu, ai kowa ya san ko su wane ne: tsoho da tsohuwa.

Ba Maimand kaɗai ba ne. Ƙidayar farko ta ƙasar duka an yi ta a 1956, aka sami mutum kusan miliyan 19, wajen kashi 69 cikin ɗari a ƙauyuka su ke. A 2016 jimlar ta kusa miliyan 80, amma na ƙauye kashi 26 ne kurum cikin ɗari. Gaskiya ne wani abu daga cikin wannan aikin alƙalami ne, gama in ƙauye ya girma aka ba shi hukumar gari, sai a cire mutanensa daga littafin ƙauyawa a mai da su na birni ba tare da kowa ya ɗau kaya ba. Amma yawanci tashi aka yi da ƙafa. Saurayin wannan yanki yana da inda za shi kusa: akwai ma'adinin jan ƙarfe a Maiduk, da gidan narka shi a Katunabad, duk a ƙasar Shahar Babak, ga kuma babban ma'adinin Sarcashma da manyan gonakin pista na wajen Rafsanjan. Albashin ƙarshen wata ya fi jiran ruwan sama daɗi, balle a ƙasar da ruwan shekara bisa matsakaici bai wuce inci 10 ba. Kano fa ta kan sami fiye da inci 30.

TSANIN MULKI

Bari mu ga inda ɗan ƙauye irin wannan ya ke a tsarin mulkin ƙasar. An raba Iran lardi 31, suna kiran kowane ustan, da gwamna wanda a ke naɗowa daga Tehran, babban birni. Kowane lardi an raba shi shaharistan, kowane shaharistan an raba shi bakash, kowane bakash kuma an raba shi dihistan, watau tarin ƙauyuka da ke maƙwabtaka, kamar dai ƙasar hakimi ƙarami. Maimand yana cikin dihistan mai sunansa, a bakash na tsakiya, a shaharistan na Shahar Babak, a lardin Karman. Dukan masu riƙe da waɗannan matakai ma'aikatan Gwamnati ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ana naɗa su ana canza su, ba gādo a ciki. Sai an sauko can ƙasa, cikin ƙauyen kansa, sa'an nan a ke samun wanda mutanen wurin suka zaɓa.

ZAMANIN MAI ƘASA DA KADKUDA

A da, kafin 1962, ƙauyuka da yawa na Farisa mallakar mutum ɗaya ne ko gida ɗaya, ana kiransa arbab, shi kuwa galibi a birni ya ke zaune. Ƙauye dukiya ne kamar garke. A kan lasafta shi kashi shida, kowane kashi sunansa dang, mutum ya iya sayen dang biyu na ƙauyen da bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, ko ya gāda, ko ya ba da waƙafi. Manomi ba shi da gonar, abin da ya ke da shi haƙƙin noma ne kawai, suna ce masa nasak. Ran rabon amfani, bisa tsohuwar ƙa'ida, abu biyar a ke dubawa: ƙasa, da ruwa, da iri, da shanun huɗa, da ƙarfin mutum. Kowane yana da kashi ɗaya. Ba ko'ina a ke binta daidai ba, amma ta nuna yadda tunanin ya ke. Manomin da bai kawo kome ba sai damtsensa, kashi ɗaya cikin biyar ne nasa, ko da shi ya yi huɗa, ya yi ban ruwa, ya yi girbi da sussuka. Wata Baturiyar Ingila, Ann Lambton, ta yi yawon ƙauyukan ta rubuta littafi a kan wannan sha'ani, aka buga shi a 1953.

Tsakanin mai ƙasa da talakawa akwai kadkuda, wanda za mu iya kwatantawa da dagaci. Shi ke lura da rabon gonaki, shi ke tsayawa a masussuka kada a rage kason mai ƙasa, shi ke sasanta faɗa, shi ke saukad da baƙon Gwamnati, in jandarmomi sun zo neman samarin da za a ɗauka soja shi ke nuna gidajensu. A 1935, zamanin Sarki Riza Shah, aka yi doka ta musamman a kan kadkuda, wadda ta ɗora masa zartad da dokokin Gwamnati a ƙauye, amma a ƙauyen da ke da mai shi, mai ƙasan ne ke nuna wanda za a naɗa. Ka ga bawan iyayengiji biyu ke nan, talaka kuwa ba ya cikin biyun.

A watan Janairu 1962 aka fito da dokar rabon ƙasa, Ministan Gona Hasan Arsanjani shi ne ya tsaya a kanta, aka fara aikin a Maraga ta arewa maso yamma. Dokar ta ce mai ƙasa ya zaɓi ƙauye ɗaya ya riƙe, ko dang shida a warwatse, sauran Gwamnati ta saya ta sayar wa manoman da ke nomawa, su biya sannu a hankali, da sharaɗin su shiga jam'iyyar gama kai. Aka ci gaba da aikin mataki mataki har farkon shekarun 1970. Ikon arbab ya karye, wannan ba shakka. Amma masu nasak kaɗai suka sami gona. 'Yan ƙodago da masu sana'a, waɗanda a ke kira kushnishin, ba su sami ko taki ɗaya ba, da yawa kuma daga cikin waɗanda suka samu, abin bai isa ci da iyali ba. Daga irin waɗannan gidaje ne ayarin farko na masu tafiya birni ya fito. Kadkuda ya ci gaba da zama bayan maigidansa ya tafi, amma kwarjininsa ya ragu, da aka yi juyin mulki a 1979 kuwa sai sarautar ta mutu.

MAI RABON RUWA

Akwai wani mai muƙami a ƙauyen Farisa wanda a ganinmu ya fi kadkuda nauyi, ko da ya ke ba ya cikin littafin Gwamnati. Sunansa mirab, watau sarkin ruwa.

Ga yadda abin ya ke. A ƙasa mai ƙarancin ruwan sama irin wannan, tun shekaru fiye da 2,500 mutane suka gano dabarar jawo ruwa daga gindin dutse ba da guga ba. A kan haƙa rijiya mai zurfi a gindin tudu har a cim ma ruwa, ita ce uwar rijiya. Sa'an nan daga can fili inda gonaki su ke a fara haƙa rami a kwance a ƙarƙashin ƙasa, ana nufo uwar rijiyar, da ɗan gangare kaɗan yadda ruwa zai gudana da kansa ba tare da ya zaizaye ramin ba. A bisa hanya a kan haƙa rijiyoyi jere, domin fid da ƙasa da shigad da iska. Wannan shi ne kanat, masu haƙarsa kuma mukanni. Wanda ya san fuggara ta mutanen Tuwat a Sahara ya san irinsa. Na Kasaba a garin Gunabad uwar rijiyarsa ta kusa ƙafa 1,000, tsawonsa kuwa wajen mil 20. Ƙasar tana da kanat fiye da 30,000, Maimand ma da kanat da idanun ruwa da 'yan tafkunan da su ke tarewa su ke shayad da lambunansu.

Ruwan kanat ba ya tsayawa dare da rana, saboda haka ba a rabonsa da mudu, sai da lokaci. A kan yi zagaye na kwana kaza, a wani wuri sha biyu, a wani wuri fiye, kowane mai kaso ya san ranarsa da sa'arsa. Kafin agogo ya yawaita, mirab ya kan zauna a bakin magudana da babbar tasa cike da ruwa, da wani ɗan ƙoƙon tagulla mai huda a gindi. Sunan ƙoƙon finjan, kalmar nan dai da mu ke ce wa finjali. Sai ya ɗora shi bisa ruwan, ruwa ya riƙa shiga ta hudar har ya nutse. Nutsewa ɗaya finjan ɗaya ke nan, 'yan mintoci ƙalilan, sai ya jefa tsakuwa ɗaya a tulu, ya zubar ya sāke ɗorawa. In tsakuwoyin Wane sun cika sai ya yi kira a toshe masa a buɗe wa na gaba. Finjan ɗin nan dukiya ce, ana sayarwa, ana gādo, ana ba da sadaki da ita, ana yin waƙafi. Mutum ya yi gona eka ɗari, in ba shi da finjan a kanat, fako ya mallaka. Don haka ba a ba da mirab sai ga wanda masu kaso suka yarda da amanarsa, gama ɗan jinkirin hannu wajen ɗaga ƙoƙo ya isa ya ƙona alkamar wani.

Kanat yana son hidima kullum. Laka ta kan taru, rufi ya kan rufta, dole kowace shekara a sa mukanni su shiga su yashe. A da mai ƙasa ke biya, domin ribarsa ce. Bayan 1962 nauyin ya faɗo kan ƙananan manoma da yawa, waɗanda sai sun haɗa kai sun haɗa kuɗi. A daidai wannan lokaci kuma rijiyoyin burtsatse masu inji suka yawaita. Mai kuɗi ya haƙa tasa ya ja ruwa son ransa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta sauka, uwar rijiyar kanat ta wayi gari a bushe. Lardin Karman yana cikin inda abin ya fi muni, saboda gonakin pista na Rafsanjan sun sha ruwan da ya fi abin da sama ke mayarwa. In kanat ya ƙafe ba a shawara, ƙauyen tashi ya ke yi. In kuma mutane suka tashi tun yana gudana, masu kason da ke birni su kan yi nauyin hannu wajen kuɗin yasa, tsofaffin da suka rage ba su iya shiga rami, sai shi ma ya bi su.

MAJALISA DA DIHYAR

Tsarin mulkin da aka rubuta a 1979 ya ce za a yi majalisu zaɓaɓɓu tun daga ƙauye har lardi. Amma aka shekara ashirin ba a yi zaɓen ba. A tsakanin nan wata hukuma da aka kafa a 1979, Jihadi Sazandagi, ita ta riƙa kai wa ƙauyuka hanya da lantarki da famfo, daga baya aka haɗe ta da Ma'aikatar Gona. An kuma buɗe ƙananan ɗakunan shan magani, da ma'aikaci ɗan ƙauyen da aka koyar, suna kiransa bihwarz, wanda ke riƙe da littafin haihuwa da mutuwa da allurar yara. Abin mamaki, hanyar nan da aka shimfiɗa don a kawo wa ƙauye alheri, ita ce samari suka bi suka fita.

Sai a watan Fabrairu 1999, zamanin Shugaba Muhammad Khatami, aka yi zaɓen majalisun farko. Ƙa'idar ita ce, ƙauyen da mutanensa ba su wuce 1,500 ba yana da wakili uku, wanda ya wuce haka yana da biyar, maza da mata duk suna jefa ƙuri'a, suna kuma iya tsayawa, wa'adinsu shekara huɗu. Majalisar ba ta aiki da hannunta. Ita ke zaɓen wani ma'aikaci, sunansa dihyar, shi ne kamar magajin gari na ƙauye. Dokar kafa ofishinsa ta fito a 1998, aka fara buɗe su bayan 'yan shekaru. Aikinsa gyaran lunguna da magudanai, da kwashe shara, da kula da maƙabarta, da ba da izinin gini, da kai kukan ƙauye wurin mai riƙe da bakash. Kuɗin aikin yana fitowa daga 'yan kuɗaɗen izini da a ke karɓa a ƙauyen, da kuma kason da Gwamnati ke turowa daga harajin saye da sayarwa.

In aka auna shi da kadkuda, bambancin a fili ya ke. Wancan mai ƙasa ke nuna shi, wannan wakilan talakawa ke zaɓensa, su kuma iya tuɓe shi. Amma kada a zaci ya gaji ikon wancan. Ba ya shari'a, ba ya rabon gona, ba shi da iko bisa rijiyar burtsatsen da ke shanye ruwan kanat, domin izinin haƙa rijiya a hannun hukumar ruwa ta Ma'aikatar Makamashi ya ke. A wuri irin Maimand kuwa akwai wani mai magana kuma, watau hukumar adana kayan tarihi, wadda sai da yardarta a ke taɓa tsofaffin ɗakunan. Tana kawo kuɗin gyara, sunan UNESCO yana kawo baƙi masu yawon buɗe ido, waɗansu kogunan ma an mai da su masauki. Mai saƙa da mai sai da lauz da pista sun sami kasuwa a ƙofar gida. Sai dai baƙon kwana ɗaya ba ya kora garke zuwa sar agul.

A nan ne lissafin akawu ya zama abin tsoro ga ƙaramin ƙauye, gama kusan kome a ma'aunin yawan mutane a ke ba da shi. Yawan wakilai da shi a ke yankewa. Kason kuɗin dihyar ana duban yawan mutane wajen rabonsa. Makaranta in yara sun ƙaranta sai a rufe a haɗa su da ta wani ƙauye, daga nan uban yaran ya kan ga gara ya bi su. Ɗakin shan magani ɗaya a kan yi shi ne don mutum wajen 1,500, ƙaramin ƙauye sai ya zama reshe, ma'aikaci ya riƙa zuwa masa jefi jefi. Ƙarƙashin duka kuma akwai iyaka guda wadda ma'aikatan Iran ke yawan ambata, ita ce gida ashirin. Ƙauyen da ya kai gida ashirin shi a ke yi wa majalisa da ofishin dihyar, shi a ke fara sa wa cikin jerin masu samun hanya da sauran ayyuka. Wanda ya kasa haka sai a jingina shi ga maƙwabcinsa. A ƙidayar 2016 wuraren da aka tarad da mutane zaune a karkarar ƙasar sun fi 60,000, dubbai daga cikinsu ba su kai wannan iyaka ba. Maimand a wannan shekara gidansa 44, bayan shekara goma kafin nan yana da 181.